Ranar da Na Gayyaci Baffa Sau Uku

Saura kwana tara ɗaurin auren ƙanwata, Baffa ya kira ni zaure bayan sallar isha'i. Shi ne waliyyi, ni kuwa a gidanmu ni ne "ɗan kwamfuta", wanda ake miƙo wa duk wayar da ta ƙi kunnuwa, ko da yake sana'ata rubuta manhaja ce, ba gyaran waya ba. Ya ce katin gayyata ba zai isa ba, a tura wa sauran jama'a saƙon tes. Washegari Goggo ta aiko da lambobinta a bayan takardar jarrabawar jikarta, Yaya ya kwafo nasa kai tsaye daga waya, wani ɗan'uwan mahaifiyarmu da ke aikin ofis ya turo nasu a fayil ɗin Excel, Baffa kuma ya ba ni tsohon littafinsa mai bangon fata. Da na gama shigar da su kwamfuta, suka tashi layi 600 da 'yan kai.

Na san dole a samu maimaici, tunda dangi ɗaya ne, kowa ya san kowa. Sai na rubuta layi ɗaya tak a yaren Python, layin da duk mai koyon sana'armu yake haddacewa tun watan farko: a zuba jerin cikin abin da ake kira set, a juyo shi. Jerin ya ragu, na ji daɗi, na tura saƙo, na kwanta.

Da asuba muna fitowa daga masallaci, Baffa ya miƙo mini wayarsa. Saƙo uku ne reras, iri ɗaya, kowanne yana gayyatarsa ɗaurin auren da shi ne zai bayar da amarya. Ya ce, "To ɗan nan, na ji. In Allah ya yarda zan samu zuwa." Dattawan da ke wurin suka yi ta dariya. Na ce, "A yi haƙuri Baffa, zan duba."

Da na duba, laifin duk nawa ne. Goggo ta rubuta lambar Baffa yadda kowa ke faɗin ta, da sifili a farko: 0803 da sauransu. Ta Yaya ta fito daga waya, don haka ta fara da +234, babu sifilin. Ta cikin Excel kuwa 803 ta fara, domin idan ba ka gaya wa Excel cewa rubutu kake shigarwa ba, lissafi yake ɗaukar lambar, sifilin farko kuma ba shi da daraja a lissafi, sai ya jefar da shi. A wurin kamfanin da ya aika saƙon, duka ukun waya ɗaya suke nufa. A wurin set kuwa abubuwa uku ne da ba su haɗa komai ba.

Wannan set ɗin ba masu kwamfuta ne suka ƙirƙiro shi ba, aro suka yi daga masana lissafi. Wani Bajamushe mai suna Georg Cantor, malami a jami'ar Halle, shi ya kafa wannan reshe na lissafi tun daga wani rubutu da ya buga a 1874. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: tarin abubuwa ne wanda tambaya ɗaya kawai ake yi masa, wato abu kaza yana ciki ko ba ya ciki. Babu "sau nawa", babu "wa ya riga wa". Kamar dai rajistar aji ce: ko sau goma malami ya kira sunan ɗalibi, kujera ɗaya yake zaune a kai. Yarukan rubuta manhaja sun ɗauki wannan tunani suka mai da shi kayan aiki. Java ta samu nata a 1998, Python ta shigar da shi cikin jikinta a 2004, JavaScript kuma, wadda kusan duk shafin intanet da ita yake motsi, sai 2015 ta samu. Kafin nan kowa dabararsa yake yi.

To ta yaya na'ura ke gane cewa ta taɓa ganin abu? Hanyar da ta fara zuwa ran kowa ita ce ta mai tsintar shinkafa: ka ɗauki kowane layi ka gwada shi da duk sauran. Tana aiki, ba ta da wata matsala a ƙaramin jeri. Layi 600 na buƙatar gwaji 179,700, abin da kwamfuta ke gamawa kafin ka ƙifta ido. Matsalar ita ce yadda aikin ke kumbura: jeri ya ninka biyu, aiki ya ninka huɗu. Layi miliyan ɗaya gwaji kusan biliyan 500 ne. A ce na'urarka na iya gwaji miliyan 100 a sakan guda, za ka yi zaman jira na awa ɗaya da minti ashirin da wani abu. Idan kuwa jerin ya kai miliyan 93, yawan waɗanda ke cikin rajistar masu zaɓe ta Najeriya a 2023, to ka tanadi kimanin kwana 500. Na sha ganin manhajar da ta yi gudu kamar iska a ranar gwaji da layi ɗari, bayan shekara biyu ta koma tafiyar hawainiya, kuma idan aka bincika wannan ne sanadi.

Hanya ta biyu ita ce a fara jera su bi da bi, daga ƙarami zuwa babba ko daga A zuwa Z. Da zarar an jera, duk masu kama da juna sun zama maƙwabta, sai ka bi layin sau ɗaya kana duba kowa da na gabansa. Jera layi miliyan ɗaya gwaji kimanin miliyan 20 yake ci, ka ga tsakaninsa da biliyan 500 akwai nisa. Tsohon tsarin Unix, wanda aka gina a ɗakunan binciken Bell a Amurka, yana da wani ɗan umarni mai suna uniq tun farkon shekarun 1970, kuma har gobe ana amfani da shi. Maƙwabta kawai yake dubawa. Idan ka ba shi jerin da ba a jera ba, zai dawo maka da maimaicinka cikin natsuwa, ba tare da ya ce uffan ba. Kusan duk wanda na sani a wannan sana'a ya taɓa faɗawa ramin nan sau ɗaya.

Hanya ta uku ita ce wadda set ɗin Python ke bi, kuma ita ta fi burge ni. Ka samu kwanduna ɗari, ka rubuta musu lamba daga 00 zuwa 99. Duk lambar wayar da ta zo, ka dubi alƙalumanta biyu na ƙarshe, ka jefa ta kwandon da ya dace. Wadda ta ƙare da 47, kwando na 47. Idan wata sabuwa ta zo kana son sanin ko ka taɓa ganin ta, ba ruwanka da kwanduna 99, kwando ɗaya za ka leƙa, inda da ƙyar za ka tarar da lambobi shida ko bakwai. Abin da kansa ne ke faɗa maka inda za ka neme shi. Ka lura kuma da dalilin da ya sa na ce alƙaluman ƙarshe: da na farko muka ɗauka, da lambobin Najeriya duk sun cushe a 'yan kwanduna kaɗan na 08 da 07 da 09, sauran suna zaune fayau, mu kuma mun koma tsintar shinkafa. Gwanintar tana wajen zaɓar lissafin da zai watsa kaya ko'ina daidai wa daida. Masu sana'a na kiran wannan lissafi hash, kuma ana danganta farkonsa da wani injiniyan kamfanin IBM haifaffen Jamus, Hans Peter Luhn, a 1953. Shi ne kuma mai lissafin nan da ke sa na'ura ta gane nan take idan ka yi kuskuren alƙalami ɗaya wajen rubuta lambar katin ATM ɗinka. Na'ura ba ta tsaya a kwando ɗari ba, tana ƙara kwanduna yayin da kaya ke ƙaruwa, shi ya sa duba abu ɗaya a cikin miliyan bai fi duba shi a cikin dubu wuya ba sosai. Kuɗin da kake biya shi ne wuri, domin kwandunan nan ƙwaƙwalwar na'ura suke ci.

Akwai wani kuɗin kuma da ban san na biya ba sai da Baffa ya nemi a buga masa jerin a takarda. Littafinsa da tsari yake: malamansa a farko, sannan abokan mahaifinmu, sannan 'yan kasuwa, sannan yara. Abin da na buga masa kuwa ya fito a hargitse, limamin unguwa a tsakanin mai wankin mota da wani yaron shago. Kwanduna ba su san girma ba. Set ɗin Python ba ya riƙe wanda ya riga shiga, har ma idan rubutu ne a ciki, tsarin da zai fito maka da shi yau ba lallai ya zama na gobe ba. Masu Python suna da wata dabara: su bi ta dict, wani ma'aji da tun fitowar Python 3.7 a 2018 aka yi alkawarin yana riƙe tsarin shigowa, shi ma kuma ba ya karɓar mabuɗi ɗaya sau biyu. Na JavaScript yana riƙe tsari tun asali. Java ta ba ka zaɓi uku, mai sauri marar tsari, da mai riƙe tsarin shigowa, da mai jerawa da kansa.

Lambobin waya ba su ba ni wuya ba da na gane matsalar. Kafin a zuba su a kwando, a fara yi musu aski iri ɗaya: a cire tazara da alamar tarawa, a cire 234 ko sifilin farko, a bar alƙaluma goma na ƙarshe. Sai dai a nan ma sai da na yi hattara, domin dangin mahaifiyarmu na Maraɗi lambobinsu da +227 suke farawa, alƙaluma takwas ne kuma, askin Najeriya zai yanke musu kunne. Wannan askin shi ne rabin aikin cire maimaici, kuma babu wani set da zai yi maka shi.

A nan ne na zaƙe. Kwana biyu kafin ranar, aka matso da lokacin ɗaurin auren daga ƙarfe 2 zuwa 11 na safe, sai an sake tura saƙo. Kunyar asubar nan ba ta sake ni ba, na ce wannan karon ko mutum na da layi uku, saƙo ɗaya zai samu. Sai na tace da suna ma. Na ga "Malam Sani" sau uku da lambobi uku, na ce ai mutum ne mai yawan layi, na bar na farko na share biyu. Ashe mutum uku ne. Ɗaya maƙwabcinmu ne, ya ji a bakin mutane. Ɗaya kuwa abokin mahaifinmu ne tun suna samari, ya taso daga wani gari, ya iso ƙarfe biyu saura, ya tarar ana naɗe tabarmi. Saƙo uku ga Baffa dariya ya jawo. Wannan kuwa sai da Baffa ya yi tattaki har gidan mutumin ya ba shi haƙuri. Tun daga ranar, in an ba ni zaɓi tsakanin barin maimaici da share mutum, na san wanda zan ɗauka, kuma ba na share komai sai na ajiye kwafin jerin na asali a gefe.

Suna mugun mabuɗi ne, a ƙasar Hausa kuwa abin ya fi muni, ta fuska biyu. Mutane da yawa suna ɗaya, mutum ɗaya kuma suna da yawa. Wanda katin makarantarsa ya ce Muhammad, na bankinsa Mohammed, a gida Mamman ne, a littafin Baffa kuma Muhammadu na Goggo. Ita na'ura ba baƙi take gani ba, lambobi take gani: babban A a wurinta 65 ne, ƙaramin a 97. Baƙin k 107 ne, ƙ mai lanƙwasa kuma 409 a tsarin Unicode da wayoyinmu ke amfani da shi. Don haka Ƙofar Mata da Kofar Mata unguwa biyu ce a idonta, Ɗanladi da Danladi mutum biyu. Mu a Najeriya muna rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, a Nijar ƴaƴa suke rubutawa da baƙi guda mai lanƙwasa, shi kansa waƙafin saman kuma akwai miƙaƙƙe akwai lanƙwasasshe, ido ba ya bambancewa, na'ura na bambancewa. Mai gaggawa zai ce a cire lanƙwasar duka a huta. A jerin sunayen unguwanni wataƙila ka tsira. A jerin kalmomi kuwa ka haɗa baki da baƙi, ka haɗa bari da ɓari, ka mai da kafa da ƙafa abu ɗaya.

Su kansu yarukan ba su yi ittifaƙi a kan ma'anar "iri ɗaya" ba. A Python, idan ka zuba 1 da 1.0 da True a set, abu ɗaya zai rage, domin a wurinta duk ɗaya suke. A JavaScript kuwa, ka yi ƙunshin bayani biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, komai ɗaya, za ta karɓe su duka, domin buhun take dubawa, ba abin da ke cikin buhun ba. Maɓallin Remove Duplicates da ya zo a Excel 2007 bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma tazara ɗaya a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta sa ya bar maka layi biyu. Kuma kullum na farko yake bari ya share na baya. Idan na farkon tsohuwar lambar da mutum ya yar tun bara ce, to ita ka tsira da ita.

Wani maimaicin kuma ba maimaici ba ne. Littafin gudummawar bikin ma a hannuna ya ƙare, na ga wata innarmu sau biyu, rana ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma na riga na ji jiki, sai na tambaya. Ashe da safe ta kawo nata, da yamma ta kawo na 'yarta da ke aure a nesa, mai rubutu ya sa sunanta duka biyun. Da na share ɗaya, da lissafi bai cika ba, da an fara kallon mai riƙe da jaka. Haka littafin kowane mai shago yake: mudun sukari biyu da aka sayar rana ɗaya a farashi ɗaya ciniki biyu ne. Shi ya sa a ma'aikatu masu rumbun bayanai nake jin tsoron matashin da duk sanda ya ga layi ya fito sau biyu sai ya liƙa kalmar DISTINCT a umarninsa na SQL, yaren da ake tambayar rumbun da shi. Layin zai ɓace daga ido, amma dalilin da ya sa ya fito sau biyu yana nan. Abin da ya fi shi ne a tsare ƙofa tun farko: a gaya wa rumbun cewa gurbi kaza UNIQUE ne, duk wanda ya zo da abin da ke ciki a mayar da shi, tun mai shigarwa yana zaune zai iya cewa wane ne wane.

Gwamnati ma da wannan take fama, sai dai nata jerin ya fi na Goggo tsawo. Lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, da lambar NIN ta ɗan ƙasa, kowacce alƙaluma 11, amfaninsu ke nan: tunda suna ba abin dogaro ba ne, a ba kowa mabuɗin da babu mai irinsa. Amma kafin a ba ka lambar, sai an tabbatar ba a taɓa ba ka wata ba, a nan ne yatsa da fuska suke shigowa. Shi kuma yatsa ba ya shiga kwando cikin sauƙi, domin ko kai ka danna babban yatsanka sau biyu a jere, hoton ba zai fito daidai da daidai ba. Ba "ɗaya ne ko ba ɗaya ba" ake tambaya ba, "kamar ta kai nawa" ake aunawa, wani kuma ya yanke inda za a ja layi. A watan Oktoban 2022 shugaban hukumar zaɓe ta INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar cewa cikin sababbin masu rajista 12,298,944, an soke 2,780,756 bayan an tace su da na'urar tantance yatsa da fuska, ciki har da masu rajista fiye da sau ɗaya da waɗanda shekarunsu ba su kai ba. Duk sanda na tuna adadin nan, Malam Sani ne ke faɗo mini a rai, ina tunanin mutanen da suka zauna suna duba waɗanda na'ura ta ce sun yi kama.

Saƙon godiya bayan biki shi na yi wa shiri na gaske. Na yi wa lambobi aski, na riƙe tsarin Baffa, na bar sunaye yadda suke. Duk abin da na yi shakka a kai ban share ba, na ware shi gefe, ya tashi layi goma sha wani abu, na buga a takarda na kai wa Goggo tana tsinkar zogale a tsakar gida. Ina karantowa tana yanke hukunci ba ta ko ɗago kai: wannan da wannan mutum ɗaya ne, ya canja layi bayan an sace masa waya, wannan uba ne da ɗansa, wannan ta rasu bara, a cire, Allah ya ji ƙanta.

Na ƙarshe lamba ɗaya ce da ta fito sau huɗu da sunaye huɗu, duk na dattawan ƙauyenmu. Na ce, "Goggo, wannan kam sau ɗaya zan tura, tunda waya ɗaya ce."

Ta ajiye zogalen. "Kai, rufa mini asiri. Wayar yaron nan ce mai cajin waya a bakin kasuwa, shi yake bi gida gida yana karanta musu. Ka tura huɗu, kowanne da sunan mai shi a sama. In ka tura ɗaya, gidan wa zai kai?"

Na koma ɗaki na ƙara wa manhajar layi biyu, na tura huɗu.